Doña Everlides, Mai Tsaron Bayan Ayari

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma kowa zai koma, mai sauri da mai nawa.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Doña Everlides Buelvas a gidanta da ke unguwar La Granja, nan Montería, tana da shekara saba'in da huɗu. Ba ta yi jinya ba. 'Yarta Nubia ta ce ta gama share tsakar gida, ta zauna a kujerar lilo, ta ce a miƙo mata ruwa. Kafin a kawo ruwan ta tafi. Ni kuwa sai da na dawo daga makaranta na ji. Mahaifiyata ta tare ni a bakin ƙofa da ƙullun masara a hannunta, ta ce, “Yuranis, tsohuwarki ta keke ta rasu.” Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da jakata a baya, ban cire ta ba har aka kira ni cin abinci.

Doña Eve, ni ba mai magana ba ce, kin fi kowa sani. A takarda kaɗai nake iya kallon mutum ido da ido. Shi ya sa na zauna na rubuta miki wannan, don akwai abin da ya faru ranar Lahadin da ta biyo bayan jana'izarki, ranar da ayarinmu ya kusa watsewa, kuma ba ni da wanda nake so in ba labarin sai ke.

Mutanen gari sun san ki da ɗinki. Rabin yaran unguwarku a rigar makarantar da kika ɗinka suka girma. Mu kuwa da keke muka san ki, koren kekenki mai kwando a gaba, da ƙararrawar tagulla da kika ce kin cire daga amalanken wani mai sayar da ƙanƙara da ya daina sana'a. Shekara sha tara, kowace Lahadi da ƙarfe shida da rabi, ana taruwa a gindin rimin da ke bakin lambun kogi. Don Temístocles Argel, tsohon ma'aikacin gidan waya da kowa ke kira Don Temo, shi ne madugu, yana gaba. Ke kina can ƙarshe, bayan kowa. Doka ɗaya ce a ayarin, ba a rubuta ta a ko'ina ba: duk inda aka tsaya, madugu ba ya taka feda sai ya ji ƙararrawarki. Bugu ɗaya, a jira. Bugu biyu, an cika, a tafi.

Ina da shekara sha huɗu mahaifiyata ta kore ni daga ɗaki. Ta ce littattafan soyayyar nan za su mai da ni fara sol kamar ɓararren rogo, ta aro mini keken ɗan ƙanwarta, ta tura ni bakin kogi. Na iske mutane sun kai talatin suna ta hayaniya da dariya, kowa ya san kowa. Na lallaɓa na koma can baya don kada a gan ni, ban san baya yana da mai shi ba.

Kika dube ni daga sama har ƙasa, kika ce, “Ke 'yar wace ce?”

Na faɗa, amma ko ni ban ji abin da na ce ba.

Kika ce, “Dawo ta wannan gefen, ɗiyata. Kunnen hagun nan ya yi ritaya tun kafin Temo.”

Shi ke nan. Duk duniya ana ce mini in ɗaga murya, malamai, 'yan ajinmu, har mai sayar da burodi. Ke kaɗai ce kika matso da kunnenki. Shekara biyu da wata biyar na yi ina tafe a damanki, ba ki taɓa ce mini in ƙara murya ba ko sau ɗaya.

Daga nan baya na fara ganin garinmu, ni da aka haifa a cikinsa. Ban san haka safiya take sauka a kan kogin Sinú ba, ruwan yana tafe ja-ja, shiru, da faɗi kamar ba shi da ɗaya gefen, balbelu suna bin samansa ƙasa-ƙasa har fukafukansu na kusa taɓa shi. Jajayen birai suna kururuwa a saman itatuwa kamar ana jan tebur a sama. Damo ya kwanta a tsakiyar hanya yana shan hantsi, keke talatin su kauce masa ɗaya bayan ɗaya, shi ko ido bai ɗaga ba. Kika ce ya fi magajin gari sanin darajar kansa. Wata rana kika kama hannuna muka tsaya a ƙarƙashin wata bishiya, kika nuna mini dabbar nan mai nawa da ke rataye a reshe, tana miƙa hannu za ta kamo ganye. Mun fi minti biyar muna kallo kafin hannun ya isa. Duk ayarin yana tsaye a gaba yana jiran ƙararrawa, Don Temo yana ta huci. Kika ce, “Bar shi ya yi. Wasiƙun da ya kai a makare sun fi haka daɗewa.”

Kowace Lahadi sai kin tambaye ni inda aka kwana a littafin da ke cikin kwandona.

“To, ya faɗa mata, ko har yanzu yana zagaye tagarta kamar sauro?”

In ce bai faɗa ba, mahaifinta ya hana.

“Shafi nawa ya rage?”

“Ɗari da wani abu.”

“Zai faɗa. Amma ki ce mata in ji ni, ta duba ko ya iya faci. Namijin da bai iya faci ba, a hanya zai bar ta da waƙoƙinsa.”

Yau zan faɗa miki abin da na ɓoye. Na daɗe ina saƙa labari a kanki ke da Don Temo. Na cika rabin littafin rubutu da shi. Mace a ƙarshen layi, namiji a farkonsa, shekara sha tara mutum talatin a tsakaninsu, ba ya waiwayowa don kada idonsa ya tona shi, ita kuma tana aika masa abin da ke ranta da ƙararrawa. Na sha kuka a kan labarin nan da ni na ƙirƙira. Ranar da na yi ƙarfin hali na ɗan taɓo zancen, kika yi dariya har kekenki ya yi tangaɗi.

“Temo? Mutumin da ke gyara gashin baki a madubin keke? Allah ya kiyaye!”

Sannan kika ba ni labarin gaskiya, wanda ya fi nawa. Kina da shekara hamsin da biyar mijinki ya rasu, ya bar keken nan jingine a bango. Kika koyi hawa ke kaɗai a bayan gida, kina faɗuwa cikin kaji. Da kika iya, kika bi ayarin wata Lahadi. A ɗaya gefen kogi tayarki ta fashe, kika sauka kina dubawa, da kika ɗago ba kowa. Sun hau jirgin fito sun haye, sun sha lemonsu, sun watse, ba wanda ya lura an rasa mutum. Kika turo keken da ƙafa cikin ranar nan ta Montería har gida. Da la'asar madugu, Don Temo ɗin nan, ya ji labari, ya zo ƙofarki da hula a hannu yana ba da haƙuri.

Kika ce masa, “Riƙe haƙurinka, ba abin da zan dafa da shi. Ka ba ni baya.”

Ya ce, “Baya kuma?”

“Kai ka kula da gaba. Daga yau ba wanda za a sake mantawa da shi.”

Na daɗe ban gane yadda kike aikin ba. Ina ganin leɓunanki suna motsi duk inda aka tsaya, na ɗauka addu'a kike yi. Sai ranar wata Lahadi a watan Yuli, muna dawowa daga hagun kogi, wato ɗaya gaɓar. Jirgin fiton ba ya ɗaukarmu duka da kekuna, sai an yi sawu biyu. Ina son wannan hayewar fiye da komai a tafiyar. Ba inji, ba sanda, igiyar ƙarfe ce kawai daga gaɓa zuwa gaɓa, mai fito ya karkata jirgin, kogin da kansa ya tura mu. Har yau in na tsaya a ciki sai tsigar jikina ta tashi, ruwan da ke son ya tafi da mu teku shi ne ke kai mu gida. Da muka sauka a sawu na biyu kina fama da sarƙar wata yarinya da ta zame, hannunki duk baƙin mai, kika ce, “Ɗiyata, duba mini ko mun cika.”

Da safe mun tashi mu talatin da ɗaya, na sani. Na ƙirga kawuna a hankali, na sake ƙirgawa. Talatin da ɗaya. Na raɗa miki a kunnen dama, har na kai hannu kan ƙararrawarki.

Kika riƙe yatsana. Kika miƙe, idonki ya bi layin, leɓunanki suna motsi. A ranar na matso sosai na ji abin da kike faɗa. Sunaye ne. Temo, Nelcy, Wilfrido da matarsa, tagwayen Doña Ruby, malam Emiro. Kika tsaya.

“Ina Libardo?”

Na ce, “Amma talatin da ɗaya ne, Doña Eve.”

“Wancan mai jar rigar wane ne?”

Wani baƙo ne da ya ga ayari a hanya ya bi mu don nishaɗi. Shi ya cike mini lissafi.

Kika buga ƙararrawa sau ɗaya, da ƙarfi. Ba ki yi mini faɗa ba. Kika ce kawai, “Awaki ake ƙirgawa, ɗiyata. Mutum kiransa ake yi.” Kika ja ni muka koma jirgin, kika ce wa mai fito, “Nafer, juya, kuma kada ka tsaya ba ni labarin surukarka.” Ban taɓa jin hayewar ta yi tsawo kamar ranar ba. Kogin bai san sauri ba, yana tura mu yadda ya saba, ni kuwa ina riƙe da ƙarfen jirgin.

Muka same shi a bayan wata bishiyar mangwaro, nesa kaɗan da mashigar jirgi. Don Libardo, dattijo mai ciwon sukari, ya ji jiri ya ware don kada ya dami kowa, ya zauna, ya kasa tashi. Gumi ya jiƙe masa riga, yana kallonmu kamar bai san mu ba. Kika zaro ɗan ƙullin mazarƙwaila daga kwandonki, kika gutsura kika sa masa a baki, kina shafa masa ƙeya kina zaginsa a hankali.

“Tsohon banza. Kunya za ka ji a gabana? Ni da na ɗinka maka wandon aure, na san duk inda ka karkace.”

Can ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara cewa shi ne, “Everlides, wandon nan ya matse ni.”

Na fashe da kuka a wurin. Da hannuna ya riga naki kan ƙararrawa, da mun tafi mun bar shi. Sai daga baya na san mazarƙwailar nan tasa ce, shekara shida kina yawo da ita dominsa. Haka akwai maganin asma na ɗaya daga cikin tagwayen, da allura da zare, da ɗan famfo. Kwandon nan ba abinki ko ɗaya a ciki.

Tun daga ranar na shiga bin ki ina kiran sunayen a zuci. Ba ki ce in koya ba, ni ma ban ce ina koyo ba. In sabon mutum ya zo, sai ki matsa kusa da shi ki tambayi sunansa da na mahaifiyarsa, kafin a kai kasuwar kifi ya shiga jerin. Kullum kuma da kanki kike rufewa. Ki ce, “Da ni,” sannan ki buga sau biyu.

Lahadin da ta biyo bayan binne ki an taru a gindin rimi, amma ba hayaniya. Itatuwan bakin hanya sun yi fure, sun zubar da shi ja-ja da ruwan hoda har ba a ganin siminti. Nubia ta turo koren keken da ƙafa, don ita ba ta iya hawa ba. Ta ce tana so ya yi zagayen ƙarshe, ko akwai wanda zai hau. Maza suka gwada, sirdin ya yi musu ƙasa, ba wanda kuma ya yarda a taɓa shi da sifana. Nelcy ta ce, “Ku ba 'yar littafin nan, tsayinsu ɗaya.” Haka na tsinci kaina a kan kekenki, a wurinki, damana ba kowa.

Aka tashi ba ƙararrawa. Doña Eve, da kin ga Don Temo da kin tausaya masa. Mutumin da shekara sha tara bai waiwaya ba, yana cewa wuyansa ne ya ƙage, ranar nan kowane taku goma sai ya juyo. Ya kusa hawa kan damo. Ya kusa faɗawa kan mai sayar da lemo. Ashe ba soyayya yake ɓoyewa ba, ba kuma ciwon wuya ba ne. Ya bar miki bayansa ne gaba ɗaya, ya san kina nan. Na karanta littattafai sun fi ɗari, ban ga inda wani ya yarda da wani haka ba.

Da muka dawo daga hagun kogi, sawu na biyu ya sauka, Don Temo ya jingine kekensa ya cire hula.

Ya ce, “Jama'a, ku yafe ni. Daga yau a tashi. Ba zan iya jan mutane ina waiwaye ba, wata rana zan kai ku cikin ruwa.”

Wilfrido ya ce, “Haba Don Temo, sai a riƙa ƙirgawa mana. Ko a rubuta suna a waya.”

“Ƙirga? Tambayi Libardo abin da ƙirga ta kusa yi masa. Waya kuma ta san wanda ya yi shiru yau fiye da jiya? Ita ta san mu ne, ɗaya-ɗaya. Wa ya san mu yanzu?”

Wasu suka fara juya kekunansu. Ni kuwa ina can baya, sai na ji leɓunana suna motsi da kansu, har na kai tagwayen Doña Ruby. Na san jerin. Na san kuma in na yi shiru kamar kullum, ba za a sake taruwa a gindin rimin nan ba, kuma abin da kika gina daga ranar da aka manta da ke zai mutu mako ɗaya bayanki. Na nemi kunnenki na dama, babu.

Na buga ƙararrawa sau ɗaya.

Kowa ya juyo. Ido kusan sittin a kaina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rufe ido na ce, “Temístocles Argel.”

Muryar ta fito siririya, amma ta isa gaba. Na ji ya ce, “Ga ni.”

“Nelcy Hoyos.”

“Ga ni, 'yar nan.”

Na ci gaba. Wilfrido da matarsa, tagwaye, malam Emiro, kowa yana amsawa. Da na kira Don Libardo ya ɗaga hannu ya ce, “Ina nan, ban shiga bayan mangwaro ba,” aka yi dariya ana share hawaye. Har mai jar rigar nan, wanda ya zama namu tun ranar, Ubaldo sunansa. Na kira mutum ashirin da tara ban tsallake ko ɗaya ba. Na ce, “Da ni.” Sai na tsaya, yatsana a kan ƙararrawa, na kasa bugawa. Bugu biyu yana nufin an cika, ke kuma ba ki taɓa buga ƙarya ba.

Don Temo ya ce, a hankali, “Yuranis, mun cika?”

Ban san ya san sunana ba.

Na ce, “Saura ɗaya, Don Temo. Amma ba a baya take ba. Na duba, ba mu bar ta ba. Wannan karon ita ta riga mu hayewa.”

Ya dubi kogin. Nafer ya tsaya da igiya a hannu, bai kwance jirgin ba. Sannan Don Temo ya mai da hularsa, ya gyara gashin bakinsa a madubi, ya hau keke ya ba ni baya. Ya tsaya yana jira.

Na buga sau biyu. Ya taka feda, har muka kai gindin rimi bai waiwayo ba.

Yau Lahadi uku ke nan. Nubia ta bar mini ƙararrawar, keken yana ɗakin ɗinkinki inda ya saba tsayawa. Na sayi mazarƙwaila. Faci har yanzu ina koyo, Wilfrido ya ce hannuna kamar na mai shafa wa jariri mai. Da safen nan wani yaro sabo ya zo ya laɓe a can baya, na tambayi sunansa ban ji abin da ya ce ba, sai na matsa kusa.

Ya Allah, ga baiwarka Everlides ta iso gare ka. Ka jiƙanta, ka gafarta mata kurakuranta, ka haskaka makwancinta, ka ba ta hutawar da ba ta ƙarewa. Ita da ba ta yarda a bar kowa a hanya ba, kada ka bar ta. Ka kira ta da sunanta yadda ta kira mu, ka sa ta cikin waɗanda ka yarda da su.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nubia da 'yan'uwanta Álvaro da Dagoberto, da jikokinta bakwai, da maƙwabtanta na La Granja da suka cika gidan duk kwana taran addu'a. Ina yi wa Don Temo ta'aziyya, da Don Libardo, da Nafer mai fito, da duk wanda ya taɓa jin bugu biyun nan a bayansa ya tafi hankali kwance. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.

Ki huta, Doña Eve. Baya yana hannuna.

Yuranis Cogollo
Montería